Hanyar Bayan Asibiti

Matyeni, 4 ga Maris

Mzala Mawande,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da wanda kuke zaune tare. Mu nan sai godiya. Hawan jinina ya sauka tun da na rage gishiri. Yayana Bhuti Mthetho yana nan da tumbinsa da shagon Tata, wato babanmu, babu wanda ya ragu a cikinsu. Ruwa ya yi mana kyau bana, masara har ta fi ni tsayi.

Kada ka tsaya juya takarda kana tunanin wace Zukiswa ce. Ni ce dai mzala ɗinka, 'yar'uwarka wadda kakata da kakarka suka sha nono ɗaya, wadda take sayar da kaya a shagon Tata lokacin kana sakandare. Yanzu ni ce shugabar makarantar da ka yi, ka ji ikon Allah. Duk garin nan babu mai lambar wayarka, shi ya sa na ɗauko adireshinka a littafin da aka sa hannu ranar jana'izar mahaifiyarka, na ba direban da ke zuwa Jozi, wato Johannesburg, ranar Juma'a. Ƙullin masara da waken da ke tare da ita naka ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan shekara goma sha ɗaya ana yi mana alkawari, ƙaramar hukuma ta yarda za ta gyara hanyar ƙafa daga unguwar sama zuwa makaranta, har da fitilu. Sun ce kwamitin makaranta ya kawo taswirar hanyar da yara ke bi kafin ƙarshen Afrilu. Mu kuwa in ka ce mu zana taswira, sai dai mu zana maka kaza.

'Yata Anelisa ce ta nuna min wani zaure a intanet inda ake tattauna tsarin birane, ta ce kai ne mai rubutu da sunan Matafiyi. Da hoton cocinmu da ka taɓa sawa ta gane ka. Na zauna ina karantawa har shayina ya huce. Manyan mutane sun fi ɗari suna faɗa a kan faɗin gefen titi, wani har ya yi fushi ya fice. Anelisa ta ce yawancinku a can maza ne masu son maza, haka ta faɗa kai tsaye yadda 'yan yanzu suke yi. Abin da ya ɗaure min kai kawai, me ya haɗa wannan da kwalta da fitila? Na ce mata ƙila rashin 'ya'ya ne, mutum ya dawo daga aiki babu mai kuka babu mai fitsarin kwance, sai ya zauna yana auna titi.

Ka taimaka ka zana mana. Shekara biyar ka yi kana bin hanyar.

'Yar'uwarka,
Zukiswa

Johannesburg, 19 ga Maris

Sisi Zukiswa, yayata,

Takardarki ta iso, kuma na ji daɗin jin kowa lafiya. Ni ma lafiya, ban da ciwon baya na zama wuri ɗaya. Tunda kin gaida wanda muke zaune tare, sunansa Kagiso, ma'aikacin jinya ne, shekararmu tara. Shi ya dafa masara da waken, yana ci yana mitar ba ki haɗo da ƙashi ba.

Kada ki ɗauka ni wani masani ne. Tabarau nake gyarawa a wani shago. Yawancinmu a zauren haka muke: akwai likitan haƙori, akwai mai aski, akwai wani tsoho Hendrik da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wanda in kin bar shi zai karanta miki lokutan tashin jirage na 1978 da ka.

Na kai musu tambayarki, kuma kin tayar da ƙura. Amsa ta fi ɗari biyu. Mai askin ya ce a gaya wa Sisi ta yi gaskiya, shi da yana da 'ya'ya uku da bai san inda kwalbati yake ba. Likitan ya ce a'a, birni ne ya karɓe mu lokacin da gida ya rufe ƙofa, shi ya sa muke lailayar sa. Wani ya ce mu dai mutane ne masu son shirya ɗakin da ba namu ba. Aka yi ta zage-zage har kwana biyu. Ni ban ba da tawa amsar ba.

Ga taswirar. Sun taya ni auna nisan da hotunan sama, kuma sun nuna inda ya kamata kowace fitila ta tsaya. Jan layin shi ne hanyar da na bi safe da yamma duk shekarun nan biyar. Ki dube shi da kyau, Sisi, kafin ki kai musu. Ki bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe.

A gaida Anelisa, a ce mata ta iya bincike.

Mawande

Matyeni, 3 ga Mayu

Mzala,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Kagiso, ka ce masa ƙashi na nan tafe. Sanyi ya fara shigowa, tari ya kama rabin malamaina, ni dai har yanzu ina tsaye.

Taswira ta yi kyau ƙwarai. Da na shimfiɗa ta a gaban kwamiti sai da kowa ya gyara zama. Na duba da kyau kamar yadda ka ce, kuma gara da na duba, don Jozi ta cinye maka ƙwaƙwalwa. Jan layinka ya sauko daga unguwar sama daidai, sai kawai ya karkace ya bi bayan coci, ya raɓa bangon asibiti, ya tsallake rafi, sannan ya dawo makaranta ta baya. Wa yake bin nan? Kowa ya san hanya ta gaban shagon Tata take, miƙe ɗoɗar, minti goma sha biyu. Na sa rula da baƙin biro na gyara maka, ban gaya wa kowa cewa ka ruɗe ba sai da aka tambaya.

Kansila ne ya tambaya. Ya ɗora yatsa a kan jan layin ya ce wannan fa? Na ce kuskure ne, ɗan'uwana ya daɗe rabonsa da gida, babu mai bin nan sai awaki. Ya ji daɗi sosai, ya sa aka rubuta. Ashe asibiti sun daɗe suna son su ja katangarsu har bakin rafi, ana hana su da cewa hanyar jama'a ce. Yanzu an liƙa sanarwa a ofis, duk mai ƙorafi ya kawo cikin kwana sittin. Ka ga taswirarka ta yi aiki biyu.

Fitilu takwas za a sa, biyu a gaban shago. Bhuti Mthetho sai washe baki yake, ya ce in gaya maka in ka zo gida akwai lemo ɗaya kyauta.

Har yanzu ba ka ba ni taka amsar ba. Ina jira.

Zukiswa

Matyeni, 16 ga Agusta

Mawande,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Mu nan lafiya, sanyi ya fara sauƙi. Direba ya rantse min hannu da hannu ya ba ka takardata ta watan Mayu, da ƙashin, ya ce har ka ba shi ruwa.

Ba zan ɓoye maka ba, wata biyu na yi ina jin haushinka. Na ce wa Anelisa ka ga mutanen birni, a gyara musu layi ɗaya sai su ɗauke wuta. Na ce girman kai ne, wai malamar ƙauye ta sa biro a kan aikin masana. Har na fara wata takarda mai zafi, Allah ya sa ban aika ba.

Ranar Asabar da ta wuce na ga magina suna kafa turaku a bayan asibiti, sai na ce bari in je in ga inda katangar za ta bi. Tun ina yarinya rabona da wurin. Na yi zaton ciyawa zan tarar har ƙugu. Mawande, hanya ce. Siririya, faɗin ƙafa biyu, amma a dandaƙe take, ko tsiro ɗaya babu a kanta. A rafin an jera duwatsu huɗu, wani kuma ya ɗora guntun katako inda ruwa ya fi zurfi, katakon ko baƙi bai yi ba. A cikin laka na ga sawun takalmin makaranta. Shekara ashirin da biyu da barinka garin nan, wannan ba sawunka ba ne.

Na bi ta har ƙofar makaranta, na duba agogo, minti arba'in. Babu yaron da zai ƙara wa kansa kusan rabin awa a sanyin Yuni don sha'awar rafi.

Da na koma gida na ɗauko taswirar, na yi abin da ka ce tun farko, na bi jan layin da yatsa. Da farko na ɗauka babban titi kake gudu saboda motoci, sai na ga sau biyu ka tsallaka shi. Abu ɗaya tak layin ya kauce wa a duk garin, taku ɗari ɗin nan na gaban shagonmu.

Akwai abubuwan da suka fara dawo min, amma ba na son in yi maka zato a karo na biyu. Ka rubuto ka gaya min. Ko zagi ne ka rubuto.

Zukiswa

Johannesburg, 5 ga Satumba

Sisi,

Lafiyata ƙalau, Kagiso ma haka. Takardunki biyu duk sun zo. Ba girman kai ba ne.

Ina aji ɗaya, ranar wata Laraba, Mama ta aike ni sayen kananzir. Bhuti Mthetho da abokansa suna baranda a kan akwatunan lemo, sun miƙe ƙafafu sun tare ƙofa. Ke kina ciki kina auna sukari. Kika ɗago kika ce, "Ku janye ƙafafunku mana, ku ba amarya hanya." Na san ba da mugunta kika faɗa ba, har alewa kika ƙara min. Amma sunan ya zauna. Duk safiya in na zo wucewa sai an yi min guɗa.

Da wannan kaɗai ne, da na jure. Bayan kamar wata biyu suka tare ni ina dawowa, suka ɗaura min baƙin ɗankwali har kan gira, suka yafa min tawul a kafaɗa yadda ake yi wa sabuwar amarya a gidan miji. Suka sa na durƙusa ina miƙa musu lemo ɗaya bayan ɗaya, idona a ƙasa, ina kiran kowa da sunan girmamawa. Wanda na ɗaga ido na kalla sai ya ba ni ranƙwashi. Mutane suna wucewa suna dariya, a ganinsu wasa ne. Ɗankwalin naki ne, Sisi. Ban san ko ɗauka suka yi ko ba su kika yi ba, kuma ban taɓa son in sani ba. Washegari na nemo hanyar bayan asibiti. Ba ni na fara ta ba, a buɗe na same ta.

To ga amsar da kike nema. Yaro irina kafin ya iya karanta littafi sosai ya iya karanta titi. Ya san inda ake zama da ƙarfe nawa ake watsewa, ya san kwanar da ba a ganin abin da ke bayanta, da lungun da ke da mafita biyu. Sauran yara tafiya kawai suke yi, shi kuwa tunani yake kafin kowane taku. Sai ya girma ya zo birni inda babu wanda ya damu da shi, amma kan bai daina ba. Wata rana ya ci karo da wasu a intanet suna gardama a kan inda ya kamata fitila ta tsaya, sai ya ce ashe abin nan yana da suna, har digiri ake yi a kansa. Ban ce kowa haka yake ba, wasunmu jirgin ƙasa kawai suke so. Amma ranar da na sa taswirar a zaure, mutum sittin suka duba, babu wanda ya tambaye ni me ya sa layin ya karkace. Hendrik ne kawai ya rubuta, "Tawa ta bayan maƙabarta ce."

Kada ki ɗauki laifin duka. Da na rubuta miki jimla biyu a fili a watan Maris, da ba ki ɗauko rula ba. Na ɓoye maganar a cikin jan layi, ina so ki gano da kanki, don in ji daɗin kin gano.

Akwai wanda ya fi wannan. Da takardarki ta Mayu ta zo na ga zancen kwana sittin, a ranar na gane abin da za a yi. Hendrik ya nemo min dokar, likitan ya taya ni rubuta ƙorafin, shafi uku, babu ta inda za su ƙi shi. Saura in cika fom. Fom ɗin yana neman cikakken suna, da dalilin da ya sa kake amfani da hanyar, kuma za a karanta shi a gaban jama'a. Na sa shi a aljihun tebur na ce gobe. Kagiso ya yi min magana sau uku, na uku muka yi faɗa. Na gaya wa kaina ai yanzu zamani ya canja, babu mai bin ta. Ban yarda da hakan ba ko a lokacin da nake faɗa. Wa'adin ya cika ranar biyu ga Yuli, ina zaune ina gyara wa wata mata tabarau.

Ni da nake koya wa mutanen Jozi yadda za su kare hanyoyinsu, tawa ɗaya na bari. Tun da na karanta zancen katakon nan ban shiga zauren ba.

Ki gwada ko za su sake buɗe maganar. Ga kwafin ƙorafin. Har yanzu ban sa hannu ba.

Mawande

Matyeni, 14 ga Oktoba

Mzala Mawande,

Ina gaishe ka, ina gaida Kagiso. Jikina lafiya, jinin ne ya ɗan hau.

Ɗankwalin nan, ni na ba su. A kaina yake, Bhuti Mthetho ya leƙo ya ce in ara musu, na san kuma abin da za su yi da shi. Na cire na miƙa ta taga. Da aka gama na karɓa na wanke na ci gaba da ɗaurawa. Shekara ashirin da wani abu ban tuna ba ko sau ɗaya, wannan ne ya fi ba ni kunya. Ba na neman ka ce komai a kai.

Na je zaman majalisa ranar ashirin ga Satumba da takardunka. Ɗakin a cike, ana maganar famfo. Da aka zo kaina na ce ina so a dakatar da katangar, akwai masu bin hanyar. Kansila ya cire tabarau ya ce, "Mama Shugaba, ba ke kika ce awaki ba? Ga shi nan a rubuce." Aka yi dariya. Na ce na yi kuskure, na je na ga sawu. Ya ce wa'adi ya wuce, amma shi ba mugu ba ne, in kawo mutum ɗaya da zai tsaya ya ce yana bi, ya faɗi dalilinsa, zai mayar da maganar sama. Bhuti Mthetho daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Wane mahaukaci ne zai bar titi mai fitila ya shiga rafi? Sai dai in ɓarawo ne."

A tsaye nake, kowa yana kallona. Na san abin da zan faɗa ya rufe masa baki. Na gaya wa kaina labarin naka ne, ba ka ba ni izini ba, ko hannu ba ka sa ba. Haka na faɗa wa Anelisa ma da muka fito. Amma rabin labarin nawa ne, kuma wannan rabin ba ya bukatar izinin kowa. Ina iya cewa na taɓa ara wa wasu ɗankwali, ko sunanka ban ambata ba. Na kalli iyayen yarana a jere, na tuna gobe zan tsaya gabansu a matsayin shugaba. Na ce zan nemo mutumin, na zauna.

Na yi tunanin in tara makaranta in tambaya wa ke bin bayan asibiti. Har na sa an buga ƙararrawa, sai na ga asirin wani yaro nake shirin tonawa, na yi musu wa'azin tsafta na sallame su.

An gama katangar ranar Juma'a. Ta fi mutum tsayi, ta kai har cikin ruwa.

Ranar Litinin na fito da wuri na tafi shago. Yanzu samarin da ke zama a barandar wasu ne, amma akwatunan su ne dai. Na kore su, suka tashi suna ƙunƙuni, Bhuti Mthetho ya ce ina kashe masa kasuwa. Na tsaya a wurin na harɗe hannu, a raina ko wane ne yaron nan yau zai wuce babu mai taɓa shi. Yara suka fara saukowa. Duk wanda ya hango ni sai ya gyara riga ya sunkuyar da kai. Ni kuma ina bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai da kusan rabinsu suka wuce na lura da abin da nake kallo. Tafiyarsu nake kallo, Mawande, ina neman wanda tasa ta fita daban. Ko wane ne shi, abin da ya gani da safen nan shi ne shugabar makaranta ma ta hau baranda.

Kwana huɗu ke nan ina zuwa. In na tsaya, ido ne ya ƙaru a kansa. In na daina, samarin za su dawo kan akwatunansu. Ka koma zaurenku ka tambaye su, tunda sun san waɗannan abubuwan, in hanya ɗaya ce ta rage a gari, a ina mutum ya kamata ya tsaya.

Ɗazu malamar aji biyu ta shigo ofis ta ce akwai kujera ɗaya a ajinta da ba a zauna ba tun ranar Litinin. Ta ce ƙila mura ce, ana yin ta yanzu.

'Yar'uwarka,
Zukiswa